Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Ingancin Bindigar Kwaikwayo ta Eyasof

A shagunan kayan wasa na Tokyo da Taipei da Landan, ana sayar da wata bindiga wadda in aka jera ta da AK-47 ta gaske, sai wanda ya san makami ciki da bai ne zai iya bambance su da ido. Tsawonsu ɗaya. Katakon gindinta ja ne mai sheƙi, jikinta baƙin ƙarfe ne, nauyinta ya haura kilo uku. Sai dai abin da take fitarwa ba harsashi ba ne. Ƙwayar roba ce mai faɗin milimita 6, wadda nauyinta bai kai rabin giram ba, kuma iska ce ke tura ta, ba albarushi ba.

Wasan da ake yi da ita shi ake kira eyasof. 'Yan wasa sukan rabu gida biyu a wani fili da aka killace, ko daji ko tsohuwar masana'anta, kowa da tabarau na kariya a fuska, su yi ta farautar juna har wani ɓangare ya ƙwace tuta ko ya kare sansaninsa. Ƙwayar ba ta barin alama a riga, saboda haka duk wanda ta taɓa, shi da kansa zai ɗaga hannu ya yi shelar an same shi, ya fice daga fili. Wanda ya saba ɓoye harbin da aka yi masa ba ya daɗewa alƙalan wasa ke sallamarsa.

Farashin waɗannan bindigogi ya kama daga ƙasa da dala 150 zuwa sama da dala 500, amma a hoto duk kamarsu ɗaya. Sabon shiga yakan ɗauki bindiga ya jinjina ta, ya ga an rubuta a kwali cewa jikinta duk ƙarfe ne, ya zaro kuɗi ya biya. Tsofaffin hannu da masu gyara ba daga nan suke farawa ba. Su sun san ingancinta yana ɓoye a wurare uku da ido ba ya kai wa a kan kanta: irin ƙarfen da aka yi jikin da shi, giyabos ɗin da ke cikinta, da wata 'yar roba mai laushi da ke gindin bututu.

Asalinta daga Japan

Sana'ar ta taso ne a ƙasar da farar hula ba ya samun bindiga cikin sauƙi. Dokar da Japan ta kafa a 1958 ta ƙuntata mallakar bindigogi da takubba ƙwarai, sai masu sha'awar makamai suka koma tara na kwaikwayo waɗanda ba sa harba komai. A 1971 hukuma ta ƙara matsa lamba: duk ƙaramar bindigar kwaikwayo da aka yi da ƙarfe dole a toshe bututunta, a shafa mata launin fari ko rawaya. Wannan ya tura masana'antu ga roba mai tauri, daga nan kuma aka fara ƙera masu harba ƙwayar roba, da farko da sifirin da ake ɗanawa da hannu a kowane harbi, daga baya da gas da ɗan wasa ke goyo a tanki.

Babban sauyi ya zo a 1991. Kamfanin Tokyo Marui, wanda aka kafa a 1965 kuma ya yi suna wajen ƙera motocin wasa masu rimot, ya ɗauko ƙaramin injin lantarki da batir irin na motocin nan ya saka a cikin kwaikwayon FAMAS, bindigar sojojin Faransa ta wancan lokaci. Ta haka ɗan wasa ya samu bindigar da ke ɓarin wuta ba tare da tanki ko tiyo ba. A 1993 kamfanin ya ƙara mata na'urar da ya sa wa suna Hop-Up, wadda ta tsawaita nisan harbi sosai.

Kamfanonin Taiwan da Hong Kong da China suka bi sahu, suna kwafar tsarin Marui kusan noti da noti. Wannan kwafe-kwafe ya zama alheri ga mai saye. Yau in haƙorin giya ya karye a bindigar da aka ƙera a China, sau da yawa ana iya maye gurbinsa da na wani kamfanin Taiwan. Shi ya sa tambayar farko da mai gyara ke yi game da sabuwar bindiga ita ce ko kayan cikinta sun dace da ma'aunin Marui. Wadda ta zo da nata tsarin daban, ranar da ta lalace mai ita zai sha yawon neman kayan gyara.

Ba kowane ƙarfe ne ƙarfe ba

A ɗauki AK a matsayin misali, tunda ita ce aka fi sani a ko'ina. Samfurin AKM na gaske, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara amfani da shi a 1959 bisa zanen Mikhail Kalashnikov, an yi jikinsa da fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya, aka lanƙwasa shi da injin matsi, aka ɗaure sassansa da ƙusoshin da ake daddaƙewa. Gindinsa da mariƙinsa na gaba katako ne mai hawa-hawa da aka manne. Masu kwaikwayonsa hanyoyi uku suke bi.

Hanya ta farko ita ce roba. Tsohuwar AK47 ta Marui jikinta roba ne, har abin da ake gani kamar katako roba ce aka zana mata jijiyoyin itace. CYMA ta China ta kwafe ta a samfurin CM028 mai araha. Irin wannan ba ta da nauyi, takan yi ƙara in an matse ta, amma ba lallai ne harbinta ya gaza ba. Robar zamani ma ta wuce ta da: nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi yana jure faɗuwa da gogayya, shi ya sa filayen wasa da yawa ke bayar da hayar bindigogin Combat Machine na kamfanin G&G, waɗanda da irin wannan roba aka yi su. Ko a bindigogin gaske, G36 ta Jamus da AUG ta Ostiriya yawancin jikinsu roba ne.

Hanya ta biyu ita ce zubin tutiya da aka gauraya da wasu ƙarafa. A nan sabon shiga ya fi faɗawa tarko. Tutiya tana da nauyi, tana da sanyi a hannu, tana da arahar zubi, saboda haka ita ce ke bayan yawancin kwalayen da ke alfahari da jikin ƙarfe. Amma ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Bindiga ta faɗi a kan dutse, wuyan gindinta ya ɓalle, kuma ba a iya yi mata walda yadda ake yi wa baƙin ƙarfe. Zaren notinta yana saurin cinyewa, fentinta yana ɓarewa. Roba mai kyau ta fi irin wannan ƙarfe nesa ba kusa ba.

Hanya ta uku ita ce bin tsarin masana'antar makamai kai tsaye. LCT ta Taiwan da E&L ta China suna lanƙwasa fallen baƙin ƙarfe, su daddaƙe ƙusoshi, su sa katako na gaske. Bindigogin E&L sukan fito daga kwali jiƙe da mai, domin ƙarfensu yana tsatsa in aka bar shi a danshi, kuma mai ita zai ci gaba da shafa mata mai muddin tana hannunsa. Ga kuma nauyi. Wanda zai wuni yana gudu da rarrafe da kilo uku da rabi a kafaɗa, kafin la'asar zai san ya ɗauki kaya.

Gogaggen mai saye yakan zo shago da ɗan maganaɗisu a aljihu. Zai manna shi a gefen jikin bindigar, ya ɗora a murfin sama, ya bi da shi kan bututun waje da ƙarfen da ya kewaye kunama da saitin gaba. Inda ya kama, baƙin ƙarfe ne. Inda ya zame, tutiya ce ko alminiyam ko roba mai fenti. Daga nan sai ya riƙe gindi da hannu ɗaya, bututu da ɗayan, ya ɗan murɗa a hankali yana saurare. Ya cusa gidan ƙwaya ya girgiza ya ji ko yana rawa. Ya tura madannin zaɓen harbi daga kulle zuwa ɓarin wuta zuwa ɗaya-ɗaya, ya ji ko kowane mataki yana shiga da ƙas, ko kuwa sululu yake tafiya. A ƙarshe ya duƙa ya duba kan ƙusoshin, ya ga ko na gaske ne ko zane ne aka zuba tare da jiki.

Gwajin maganaɗisu bai shafi kowace bindiga ba. M4 ta Amurka asalinta da alminiyam aka yi jikinta, don haka rashin kamawarsa a kwaikwayonta ba aibi ba ne. Abin dubawa a nan shi ne ko rabin sama da rabin ƙasa sun haɗu ƙam ba tare da rata ba, da kuma ko an sassaƙa alminiyam ɗin da inji ne ko zuba shi aka yi.

Giyabos, inda aikin yake

Duk wannan kyan jiki gida ne kawai ga wani akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu da kaɗan ba. In aka danna kunama, wuta takan tashi daga batir zuwa inji, inji ya juya giya uku a jere. Ta ƙarshe haƙoranta a rabin jikinta kawai suke. Su ne ke kama fistin su ja shi baya yana matse sifirin, da haƙoran suka ƙare sai fistin ya kuɓuce, sifirin ya wurga shi gaba a cikin silinda, iskar da ya matse ta fita ta wani siririn hanci ta ingiza ƙwaya. A daidai lokacin wani ɗan faranti yana jan hancin baya don ƙwaya ta gaba ta hau layi. A bindigar da ba a taɓa ta ba, wannan zagaye yana maimaituwa kamar sau 12 zuwa 15 a daƙiƙa ɗaya.

Marui ta ba akwatunan nan lambobi, kuma har yau da su ake kiransu. Na biyu shi ne na M4 da M16 da MP5, na uku kuma na AK da G36 da AUG. Na biyun yana da sanannen rauni: in aka sa masa sifirin mai ƙarfi, musamman a lokacin sanyi, yakan tsage daga gaba inda fistin ke dukansa. Masu gyara sukan goge kusurwoyin tagar silinda da zarto su zagaye su, don rage inda tsaga za ta fara. Na ukun ya fi ƙwari, kuma injinsa a ɗaure yake da akwatin cikin wani keji, ba ya gocewa daga layi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ko AK mai araha takan daɗe tana aiki.

Kunne ma yana gane inganci. Tsakanin kowace giya da bangon akwati ana jera wasu siraran zobban ƙarfe, wasu kaurinsu kashi ɗaya cikin goma na milimita, don giyoyin su zauna daidai da juna. Masana'antar da ta yi wannan aiki da natsuwa, bindigarta takan yi sauti gajere mai tsabta. Wadda ta yi shi a gurguje, za a ji tana ƙugi da ƙara mai kaifi, alamar haƙora suna cin junansu. Aiki ne na hannu da haƙuri, kuma yana daga cikin abin da mai saye ke biya in ya sayi mai tsada.

Sai batun riƙe iska. Mai gyara yakan ciro silinda da fistin, ya toshe hancin da ɗan yatsa, ya tura fistin da ɗaya hannun. In zoben robar da ke kan fistin yana da kyau, fistin zai tsaya cak kamar ya ci karo da bango. In ya wuce salin-alin, iska na zurarewa, kuma kowane harbi zai fita da ƙarfi daban da na bayansa. Bindigar da ke haka, ko da zinariya aka yi jikinta, ba za ta sami abu ɗaya sau biyu a jere ba.

Sifirin kuwa sunansa ke faɗin ƙarfinsa. M90 da M100 da M120 suna nuna kusan mita nawa ƙwaya mai nauyin giram 0.20 za ta yi a daƙiƙa. Bindigogin zamani da yawa suna da ƙofar da ake zare sifirin ta baya ba tare da an wargaza akwatin ba, abin da ke taimakon wanda ke wasa yau a daji, gobe a cikin gini inda ake buƙatar ƙarfi kaɗan.

Ta fuskar lantarki, an tashi daga tsofaffin batura masu bolt 8.4 an koma na LiPo masu bolt 7.4 da 11.1. Waɗannan suna sa kunama ta amsa da sauri, amma tartsatsin da suke haifarwa yana ƙona 'yan ƙarafan makunnin da ke bayan kunama. Maganinsa wata 'yar na'ura ce da ake kira mosfet, wadda ke ɗauke wa makunnin nauyin wutar. Kamfanonin Gate da Perun na ƙasar Poland sun wuce nan, suna ƙera kunamar lantarki da ake iya saita ta ta riƙa sakin ƙwaya uku-uku. Batirin LiPo kansa yana son kulawa, domin in ya huje ko aka cika masa caji fiye da kima yana iya kamawa da wuta.

Abin da ke kai ƙwaya inda aka nufa

Bututun da ake gani daga waje ado ne. A cikinsa akwai wani siriri na tagulla ko ƙarfe marar tsatsa, sumul yake, ba shi da zanen murɗiya irin na bindigar gaske. Na Marui faɗin cikinsa milimita 6.08 ne, ana kuma sayar da matsattsu masu 6.03 da 6.01. 'Yan kasuwa suna tallata matsattsun a matsayin sirrin saiti, amma masu gyara sun fi damuwa da miƙewar bututun da santsin cikinsa. Matsattse kuma ya fi saurin cushewa in ƙura ta shiga.

Sirrin gaskiya yana wurin Hop-Up. A gindin bututun ciki akwai wata rigar roba mai laushi, da ɗan tudu da ke leƙowa daga sama. Ƙwaya na wucewa sai tudun ya goge ta, ta fita tana juyawa da baya. Wannan juyi yana sa iska ta riƙa tallafe ta daga ƙasa, bisa ƙa'idar da masanin kimiyyar Jamus Heinrich Gustav Magnus ya bayyana a 1852. Ita ce dai ƙa'idar da ke sa ƙwallon ƙafa ta lanƙwasa a bugun tazara in ɗan wasa ya yanke ta da gefen ƙafa.

Akwai ɗan gargare da ake murzawa don ƙara ko rage matsin tudun. In ya yi kaɗan, ƙwaya ta sunkuya ta faɗi tun ba ta yi nisa ba. In ya yi yawa, ta yi sama kamar an kira ta. In aka dace, za a ga farar ƙwayar ta miƙe sambal har mita 40 zuwa 60 kafin ta sauka. A nan ne bindigogin Marui suka yi suna: ƙarfinsu bai kai na abokan gasarsu ba, amma daidaiton robarsu da bututunsu yakan sa su kai nesa da saiti fiye da waɗanda suka fi su ƙarfi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ƙwayar ma tana da nata rabon. Mai nauyin giram 0.12 ta bindigogin yara ce, iska kaɗan ke kwashe ta. Yawancin 'yan wasa suna amfani da 0.20 zuwa 0.28, masu harbin nesa kuma su kai 0.40 ko fiye. Mai kyau sumul take, ba ta da layin haɗi a tsakiya. Mai araha takan fashe a cikin bututu ta yaga robar Hop-Up, wani lokaci ma ta cushe ta sa haƙoran fistin su zube. Filayen daji da yawa suna wajabta irin wadda ke ruɓewa a ƙasa bayan wani lokaci.

Kayan ƙari da ake tallatawa

Gidan ƙwaya iri uku ne. Akwai babba mai cin 300 a M4 ko har 600 a AK, wanda ake murza wani gargare a ƙarƙashinsa, amma yana kacau-kacau in ana gudu, ya tona asirin mai laɓe. Akwai matsakaici mai cin ɗari da 'yan kai, shiru yake kuma ba ya buƙatar murzawa. Akwai mai cin 30 kacal, na masu son komai ya zama kamar na soja.

Layin ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake ɗora madubin saiti ko tocila a kansa, ma'aunin Picatinny ne da sojojin Amurka suka amince da shi a 1995, sai kuma tsarin M-LOK da kamfanin Magpul ya fito da shi a 2014. Bindiga mai kyau takan bi waɗannan ma'aunai daidai. A mai araha, sau da yawa sai an sa zarto kafin madubi ya zauna.

Masu son jin bindiga tana dukan kafaɗa suna da zaɓi biyu. A 2007 Marui ta fito da AK74MN, ta farko a jerin da aka sa wa wani nauyin ƙarfe mai kai da komo a ciki, kuma a jerin akwai masu daina harbi da kansu in ƙwaya ta ƙare. Zaɓi na biyu shi ne masu aiki da gas, kamar AK ta kamfanin GHK ko M4A1 MWS da Marui ta fitar a 2015. A nan gas ɗin, wanda galibi furofen ne da ɗan man silikon, a cikin gidan ƙwaya yake, kuma shi ke tura ƙwaya ya kuma wurga sakata baya. Sun fi kowacce kama da ta gaske a hannu, amma gidan ƙwayarsu yana da tsada da nauyi, kuma sanyi yana kashe musu ƙarfi.

Tambarin da ke jikin bindiga ma kuɗi ne. Umarex ta Jamus ce ke riƙe da lasisin sa sunan Heckler & Koch, Cybergun ta Faransa kuma na Colt da FN Herstal. Waɗannan kamfanoni sukan ba wasu masana'antu kwangilar ƙerawa, saboda haka bindigogi biyu masu tambari ɗaya suna iya fitowa daga wurare daban, ɗaya daga VFC ta Taiwan mai aiki da kyau, ɗaya daga masana'antar da ta fi araha. Tambari yana ƙara farashi, amma ba ya faɗin komai game da giyabos.

Wannan kusanci da ta gaske ya sa wasu ke atisaye da ita. Ɗan Japan Tatsuya Sakai, wanda yawancin horonsa a gida da ƙaramar bindigar eyasof ya yi, ya lashe gasar harbin sauri ta Steel Challenge a Amurka a 2004 da bindiga ta gaske. A 2018 kuma ƙungiyar harbi ta IPSC ta gudanar da gasar duniya ta farko ta masu amfani da eyasof a Hong Kong.

Ma'auni a bakin fili

Kafin a fara wasa, kowa yakan bi layi zuwa teburin alƙali. A kan teburin akwai wani ɗan akwati mai rami a tsakiya. Ɗan wasa ya sa bakin bindiga ya harba sau uku ko fiye, lambobi su fito a allo. Wadda ta wuce iyaka ba ta shiga fili. Wadda ta tsallake a ɗaura mata alama. Lambobin suna kuma tona asirin aikin ciki: in ratar da ke tsakanin harbi da harbi ba ta wuce mita ɗaya ko biyu a daƙiƙa ba, iska na riƙe da kyau.

Ƙwaya mai giram 0.20 da ke gudun mita 100 a daƙiƙa tana ɗauke da ƙarfin jul ɗaya. Harsashin AK na gaske yana fita da kusan jul 2,000. Japan ta kafa iyakarta a kusan jul 0.98 tun gyaran dokar 2006. Birtaniya, a dokar 2017, ta sa jul 1.3 ga mai ɓarin wuta da 2.5 ga mai harbi ɗaya-ɗaya. A Jamus duk wadda ta wuce jul 0.5 sai ɗan shekara 18 zai saya, kuma ba a yarda ta yi ɓarin wuta ba. Jul ɗaya ba ya kisa, amma yana karya haƙori, yana kuma iya tsiyayar da ido. Shi ya sa babu filin kirki da ke barin kowa ya cire tabarau muddin yana cikin shinge.

Haɗarin da ke cikin kamannin

Kamannin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne kuma ya fi komai haɗari da zarar an bar fili. A ranar 22 ga Oktoban 2013, a garin Santa Rosa na jihar Kalifoniya, wani jami'in tsaro ya harbe Andy Lopez, yaro ɗan shekara 13, yana tafe da kwaikwayon AK-47 wadda alamar ruwan lemo ta bakinta ta cire. A Nuwamban 2014 aka harbe Tamir Rice mai shekara 12 a Cleveland, yana riƙe da ƙaramar bindigar eyasof wadda ita ma ba ta da alamar. Dokar tarayyar Amurka ta wajabta wannan alama a lokacin sayarwa, kuma bayan mutuwar Lopez jihar Kalifoniya ta ƙara wajabta launuka masu haske a jikin bindigar, dokar da ta fara aiki a 2016.

Birtaniya ta bi wata hanya tun dokar 2006. Wanda ke son sayen mai kama da ta gaske sai ya nuna shi ɗan wasa ne, kuma a tsarin ƙungiyar dillalai ta UKARA hakan na nufin ya yi wasa sau uku a fili mai rajista cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba. In ba haka ba, sai dai ya sayi wadda aka shafe fiye da rabin jikinta da launi mai haske. Jamus ta haramta yawo da irin waɗannan bindigogi a bainar jama'a tun 2008. 'Yan wasa na ƙwarai a ko'ina a cikin jaka rufaffiya suke ɗaukar nasu, batir a cire, gidan ƙwaya a ware.

A Najeriya, ƙananan bindigogi masu aiki da iska suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su kwata-kwata. A yankin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka daga Zamfara zuwa Katsina, kuma shingayen jami'an tsaro suka cika hanyoyi, babu sojan da zai tsaya tantance ko AK ɗin da ya hango a hannun matashi ta roba ce. Abin da ya fi kusa da gidajen jama'a shi ne ƙananan bindigogin sifirin masu araha da ke cika kasuwa lokacin Sallah, masu harba irin wannan ƙwaya, a hannun yaran da ba su da tabarau kuma ba su da alƙalin wasa. Afganistan ta haramta bindigogin wasa a 2015 bayan raunukan ido da yara suka samu a bikin ƙaramar Sallah. Uban da zai saya wa ɗansa irin wannan, ya kamata ya fara harba ta a jikin kwali ya ga ramin da take yi, sannan ya yanke shawarar ko za ta shiga gidansa.